Tarkon Dila da Kazar Hajara

Bayan na fanshi kaina daga bauta a garin Bahia, can ƙetaren teku, dila ya addabi kajin matata Hajara, waɗanda take sayar da ƙwansu a bakin teku. Na ce ta kwantar da hankalinta, kakana maharbi ne a Zazzau. Ni kuwa tela ne.

Na tanadi tarkon ƙarfe da igiya, na ɗaure kazar da ta fi so a matsayin koto. Washegari muka tarar da gashin kaza kawai. Ashe ban ɗana tarkon ba.

Idonta ya kawo ruwa, sannan ta dafa kafaɗata ta fashe da dariya.

Har yau in ta kawo abinci sai ta ce, "Malam, kai za ka ci, ko a ajiye wa abokinka?"