Makullin Taya da Kwaltar Sarkin Almakashi

Jiya da hantsi Dattijo ya kunyata ni a gaban shagon mai wanki. Dattijo shi ne babur ɗina, ya girmi babban ɗana, kuma har yau ya fi shi jin magana. Na fito zan je layin mai, na rage wa tayar baya iska kamar kullum, don yashin unguwarmu ba ya barin taya mai tauri ta wuce. Ina murza shi sai na ji fiiish, kamar tsohuwa ta yi tsaki. Taya ta kwanta, gabana ya faɗi, domin uwargida ta riga ta rantse cewa ranar da na sake turo shi gida, ranar za ta kira mai sayen gwangwan ya ɗora shi a sikeli.

Na tura shi wurin mai faci ina haki. Ya zaro tif ya ɗaga, bawul ya tsinke tun daga gindi.

"Baba, wannan ba aikin ƙusa ba ne. Rim ya juya, taya ta zame, ta fizge bawul. Wannan huda ta biyu da ke jikin rim, ina abin da ke cikinta?"

Ga wanda bai sani ba, tsofaffin babura sukan zo da wani ɗan ƙarfe mai rigar roba, kamar kofaton jaki, ana ɗaure shi da noti ya danne leɓen taya daga ciki don kada ta zame. Makullin taya muke ce masa. Tun ina saurayi yake burge ni. Abu yana zaune cikin duhu, yana zagaya duniya, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Nan fa musu ya kaure a kan benci. Mai faci ya ce a kan kwalta, in iska ta cika, ba ka bukatarsa, sai ma ya sa taya rawa in ka yi gudu. Kayan daji ne da yashi. Maƙwabcina, tsohon masinja, wanda har yau in an ambaci manya sai ya gyara hula, ya ce, "To ka ji! Ba ka bukata. Layinmu ai mai kwalta ne. Ba ka karanta allon da ke bakin hanya ba?"

Na ce, "Karatuna bai yi nisa ba, amma tafin ƙafata ya yi digiri."

Ni ma fa wannan allon ne ya cuce ni. Shekarun baya Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya zo da rumfa da makaɗa da ƙatuwar motar daɓe hanya, an ɗauko ta a bayan wata motar kamar mara lafiya. Aka zuba kwalta daidai faɗin tabarma, ya tsaya a kai, ya yanke ƙyalle, aka kafa allo, aka yi hoto. Ni kuwa sarkin zumuɗi, na koma gida na kwance makullan nan biyu, na tayar gaba da na baya, ina mafarkin Dattijo yana shawagi, iska tana kaɗa mini gemu. Kafin la'asar aka loda motar daɓen, aka kai ta wata unguwar ta sake yin hoto. Tabarmar kwaltar tana nan, ba zan yi wa Mai Girma ƙarya ba. Awaki suna kwanciya a kai, kuma ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba.

Na bar babur a wurin mai faci na lallaɓa gida. Makulli ɗaya na same shi a gwangwanin tarkacena, tare da agogo mara hannu da haƙorin da ban san na wace dabba ba ne. Ɗayan kuwa yana tokare da ƙofar kicin.

"Malam, ina Dattijon naka?" in ji uwargida.

"Yana ganin likita."

"To ɗauki ƙarfenka. Amma gobe ka kai ni gidan ƙanwata a kan Dattijon. In na taka ƙasa da ƙafata kafin mu isa, sikeli."

Na koma wurin mai faci, ya sa sabon tif, ya mayar da makullan mazauninsu. Yau da safe muka keta yashin nan, taya a saɓe, uwargida a baya tana salati, makulli yana riƙe da amanarsa. Ba ta sauka ba sai a ƙofar gidan. Ta kakkaɓe mayafi ta ce, "Ya ci albarkacin ƙofar kicin ɗina." Da tsohuwar zuma ake magani, jama'a.

Ina dawowa masinja ya tare ni da albishir, wai Mai Girma zai zo ƙaddamar da gyaran kwaltarmu, in cire makullan kada su sa ni rawa. Na ce ya gaishe shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Ni dai roƙona ɗaya: in sun tashi zuwa, su ƙaro tabarma guda, awakin sun hayayyafa.