Mai Zama a Ƙirjin Ɗan Sama-Jannati

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe har yanzu kina nan?"

"Sai na ga bayanka, mijin banza. Wa ya naɗe ka a likkafani tun da ranka?"

Gilashi ne tsakanin Kaka da jikanta, ta wayar bango suke magana. Kwana goma ke nan da killace jikan nata don kada ya kwashi cuta, gobe da hantsi kumbo zai tashi da shi. Ɗakin fari fat, ba taga, ba motsi sai gurnanin na'urar sanyi.

"Kayan aiki ne. Ina man zafin da na aike ki?"

"Masu gadi sun ƙwace. An ce a kwance za a ɗaure ka, fuska sama. Mu a wurinmu gawa ce ake ɗauka haka."

"Jahilci dai ya fi hauka. Ƙasa ce ke jan kumbo, injin kuma yana tunkuɗa shi sama. Sai turin ya rinjayi nauyin yake ɗagawa, a hankali, kamar ke in za ki miƙe daga tabarma. Daga nan gudu ya yi ta ƙaruwa."

"Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo."

"Ban da jifan da ya yi sauri."

Kaka ta matso har numfashinta ya yi hazo a gilashin.

"Jiya da na ɗan kishingiɗa bayan azahar na ga kakanka. Zaune yake a ƙirjinka, kana ta haki."

"Shekara tara a kabari bai bar kishi da ni ba? Wannan ba fatalwa ba ce, ƙaruwar gudu ce. Nauyina zai ninka uku, shi ke nan."

"Ya ce daƙiƙa shida wuta za ta yi tana ci a ƙarƙashinka ba ka motsa ba. Ya ce kada ka tsorata."

A gida jikan bai taɓa faɗa wa kowa wannan lissafin ba.

"Sai yaushe zai sauka daga ƙirjina?"

"Bayan minti takwas da rabi, in an kashe injin. Ya ce iyakar rakiyarsa ke nan."

Jikan ya shafa ƙirjinsa a hankali, ya yi wata busasshiyar dariya.

"Na sallama, amarya. In ya sake zuwa, ki ce na gode. Amma don Allah ya cire takalmi."