Yadda Za Ka Zaɓa Wa Kawu Dandalin Bulog Na Kyauta Ba Tare Da Ka Rubuta Ko Layi Ɗaya Ba

Kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Idan ka bi matakan nan yadda na tsara su, na ba ka tabbacin za ka shekara kana zaɓen dandalin bulog na kyauta, girmanka na masanin kwamfuta yana ƙaruwa a dangi, kuma ba wanda zai taɓa kama ka da laifin rubuta wani abu. Ni da kake gani ina da shafi a kowane dandali da aka taɓa ƙirƙira, kuma har yau ba a sami kuskure ko ɗaya a cikinsu ba, domin fes suke kamar farantin da aka wanke.

Na san yadda ka shiga wannan hali. Kawunka, tsohon direban tirela da ciwon gwiwa ya sauke daga mota, yana zaune a baranda yana ba da labarin ranar da lodin sabulu ya zube masa ana tsaka da ruwan sama, titi ya yi kumfa har masu ba da hannu suka koma rarrafe. Kowa ya yi dariya har da hawaye. Kai kuma, da yake tun ranar da ka gyara rimot ɗin talabijin ta hanyar juya batir ake kiranka Injiniya, sai bakinka ya riga hankalinka: "Kawu, ai labaran nan bai kamata su ƙare a baranda ba. Zan buɗe maka bulog, shafinka na kanka a intanet, duniya ta karanta." Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "To ka yi da wuri, Injiniya, kan nan ya fara yoyo." Aka sake kwashewa da dariya. To ga yadda za ka yi.

Mataki na 1: Kada ka zaɓa, ka yi bincike

Ɗan koyo yakan buɗe dandalin farko da ya gani, ya rubuta labarin sabulu, ya tura wa dangi kafin shayinsa ya huce. Wannan garaje ne, bai dace da mai suna Injiniya ba. Kai ka zauna a teburin cin abinci, ka ture kwanuka gefe, ka tambayi intanet wane dandali ne ya fi. Za ta kawo maka wani bawan Allah da ya rantse cewa na farko shi ne sarki, da wani da ya rantse na farkon nan ne ya sa masa hawan jini. Ka buɗe kowanne, kada ka rufe ko ɗaya, har kawunan shafukan su matse a saman allo kamar haƙoran matsefi, fankar kwamfuta ta fara kuka. Kukan nan shi ne shaidar kana aiki, saboda haka ka bar ƙofa a buɗe maiɗakinka ta ji.

Mataki na 2: Ka san 'yan takara

Akwai Mai Talla. Kyauta ne tsakani da Allah, amma daidai inda labarin Kawu ya ɗauki zafi zai cusa hoton maganin sanƙo, ƙasa kaɗan kuma maganin tumbi.

Akwai Mai Maɓalli. Wannan yana iya zama shago, ya zama jarida, ya zama makaranta, ina jin da za ka lallashe shi zai yi maka guga. Abu ɗaya ne ba za ka gano ba, wato inda ake rubutu.

Akwai Dattijo, wanda tun zamanin waya mai maɓalli ba a canza masa riga ba. Yana aiki lafiya lau, sai dai an ce za a rufe shi. An daɗe ana cewa haka, wasu masu faɗar ma sun riga shi rufewa.

Sai Farin Ɗaki. Babu komai a cikinsa sai farin fili da wani ɗan layi yana ƙyafta maka ido yana jira. Wannan shi ne mafi haɗari, domin ba abin da mutum zai iya yi a ciki sai rubutu. Ka fita da sauri, kada ka waiwaya.

Ka riƙe wannan a ranka: dandalin da ka ga ba shi da aibu, ba ka gama karanta sharhin mutane a kansa ba ne.

Mataki na 3: Ka yi rajista a dukkansu

Adalci ke nan. Ka sa duk sunan da ya zo bakinka, ka yi amfani da duk imel ɗin da ka taɓa mallaka, har wanda ka buɗe kana saurayi mai ɗauke da laƙabin da ba ka so 'ya'yanka su ji. Kowane dandali zai nemi kalmar sirri mai babban harafi da ƙarami da lamba da wata alama da sai ka danna maɓalli uku kafin ta fito. Ka ba kowanne tasa daban, ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Da kansu za su saka maka rubutun gwaji, 'yar gaisuwa da hoton kofin shayi. Kada ka goge. Duk wanda ya tambaya, ka ce an aza harsashi.

Mataki na 4: Ka kai wa Kawu launi

Lokaci-lokaci dole a gan ka. Ka ɗauki kwamfuta ka je barandar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka buɗe masa allo.

"Kawu, wanne ya fi, wannan shuɗin ko wannan?"

"Ai duk ɗaya ne, ɗan nan."

"A'a Kawu, wannan shuɗin sama ne, wancan shuɗin teku."

"To a wanne labarin yake?"

A nan sai ka yi tari, ka ɗaga waya sama kana juyawa, ka ce sabis ne yake wasa. Kawu ba zai matsa ba, zai gyara zama ya kama labarin akuyar da ta hau saman lodinsa ba da saninsa ba, ta tsallaka iyakar ƙasa, jami'i ya dage sai an nuna takardunta. Ka riƙa gyaɗa kai kana gwada salon haruffa. Kada ka kuskura ka danna maɓallin ɗaukar murya a wayarka. Ba ka riga ka bincika wace manhajar ɗaukar murya ce ta fi ba.

Mataki na 5: Ka nemi shawarar Farfesa

A kowane ofis akwai shi. Teburinsa yana kusa da injin kwafi, kuma tun kafin a ɗauke ka aiki yake gab da buɗe tashar bidiyo. Ka gaya masa ka kusa yanke shawara. Zai ajiye biro, ya dube ka da tausayi.

"Na kyauta? Idan kamfanin ya wayi gari ya rufe fa? Labaran kawunka duk su bi ruwa? Haba Injiniya, da kai da iliminka."

Ka gode masa sosai, domin ya ba ka abin da ya fi shawara. Daga yau ba jinkiri kake yi ba, amanar Kawu kake karewa. Labarin da ba a rubuta ba, babu kamfanin da ya isa ya goge shi.

Mataki na 6: Ka kama ɓarawo

Wata rana kuna cin abinci maiɗakinka za ta ce, ba tare da ta dube ka ba, "Maigida, ka san Kawu ya je an yi masa aski? Ya sa tsohuwar hularsa ta tuƙi, ya roƙi maƙwabci ya ɗauke shi hoto a jikin motar ɗaukar yashi. Wai na saman shafin ne."

Za ka ajiye cokali, ka ture kwano. Ba komai, gwanaye ma sukan yi rauni. Ka jawo kwamfuta, ka ce yau sai an gama, ka zaɓi Dattijo, ka rubuta sunan da ya dace: Labaran Kawu Direba. Jan rubutu zai fito ya ce wani ya riga ka.

Yanzu ka sami abin yi na gaske. Ka buga tebur. Ka shiga zauren dangi na waya ka sanar cewa wani marar tsoron Allah ya sace sunan Kawu. Gwaggo za ta turo addu'a mai tsawo, ƙannenka su turo fuskokin fushi, Kawu kuwa ya kira ka muryarsa har rawa take don daɗi: "Injiniya, ashe har an fara satata?" Ka leƙa shafin ɓarawon, ka juya wa maiɗakinka allon.

"Dubi marar kunya. Ya kama suna ya zauna a kai, ko layi ɗaya bai rubuta ba. Sai shuɗin teku da kofin shayi."

Don ka tona masa asiri, ka danna wurin da aka rubuta an manta kalmar sirri, ko dandalin zai nuna maka wutsiyar lambar wayarsa. Zai nuna. A daidai lokacin kuma wayarka za ta yi ƙara a gefen kwanon miya. Maiɗakinka za ta ɗauka, ta karanta, ta miƙo maka da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga saƙon ɓarawo ya iso."

Kada ka yi dariya, ko da ita ta kifa kai a tebur kafaɗunta suna rawa. Ka ce mata ɓarayin zamani sun ƙware fiye da yadda take zato. Lambar sabunta kalmar sirrin da dandalin ya turo maka tana mutuwa in an bar ta, to ka bar ta. A zauren dangi kuma ka rubuta cewa ana kan bincike.

Mataki na 7: Ka daure

Wannan ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo. Inna, matar Kawu, za ta kira ka da rana tsaka kana ofis.

"Injiniya, in ka sami sarari ka leƙo mana. Jiya da cokali a hannunsa yake tambayata ko an ci abinci."

Ka je, da kwamfutarka. Za ka same shi a baranda da hular nan a kansa. Zai kama hannunka ya zaunar da kai kusa da shi.

"Yau na gada zan ba ka. Ban taɓa ba kowa shi ba, na ajiye ne saboda shafin."

Zai fara. Gangare ne mai tsawo, gada a ƙasa, motar fasinja ta mutu a tsakiyarta. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Bakaniken da suka yi shekaru suna tafiya tare yana gefensa, ya juyo ya ce masa...

Zai dubi hannunsa, ya dubi Inna, ita kuwa ba ta cikin motar ranar.

"Me ya ce ma? Tsaya. Wa ma nake tare da shi?"

Za ka ga hannunka ya nufi kwamfuta da kansa. Kunya ce, da tsoro, da son tsohon nan da ya goya ka a wuya kana ƙarami. Ɗan koyo a nan yake karyewa, ya faɗa Farin Ɗaki ya hau rubuta ɗan abin da ya rage, da kurakurai da komai. Kai ka daure. Ka ce, "Ba komai Kawu, zai dawo." Sannan ka dubi allo, domin akwai sabon dandali da ya fito kwanan nan, an ce ya fi sauran duka.

Wanke hannu

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin kwamfutar da ta ƙone, ko dariyar da za a riƙa yi maka a gidanka duk ranar da waya ta yi ƙara, ko addu'ar Gwaggo idan ta sami ɓarawon. Haka kuma ba ruwansa da ranar da za ka iso baranda da shafi a shirye, hoton hula a sama, ka ce, "Kawu, bismilla, fara," shi kuma ya yi maka irin murmushin da ake yi wa baƙo, ya tambaye ka ɗan gidan wa ne kai. Masu dandalin ma ba ruwansu, yana cikin ƙa'idojin da ka amince da su ba ka karanta ba cewa fili kawai suke bayarwa kyauta. Wanda duk ya zo tambayar ƙarshen labarin gada, kada a turo shi wurina. Bakaniken ya daɗe da rasuwa, tirelar tana nan tana gangarowa, kuma ba sauran wanda ya san yadda aka yi ta tsaya.