Ajin da Ban San Ina da Shi Ba a Sharaɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta lokacin kullen korona ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Ni malamin Turanci ne a jami'a, kuma a wancan lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Da aka rufe makarantu aka ce mu koma koyarwa ta waya, sai na ɗauko hoton da na fi ƙauna, na ranar da na karɓi digiri na uku, da jar riga da hula mai tuntu, na sa shi ya tsaya a madadin fuskata. Kyamara kuwa ban taɓa kunnawa ba. Na ce wa ɗalibai sabis ne ba shi da ƙarfi a Na'ibawa. (Sabis lafiyarsa ƙalau. Zafi ake yi, ni kuma ba na iya zama da riga a gidana da tsakar rana.)

A cikin ɗalibaina masu karatu suna aiki akwai wani Sabi'u, ɗan Panshekara. Sau biyu yana faɗuwa kwas ɗina, kuma wannan ce damarsa ta ƙarshe, in ya sake faɗuwa sai dai ya tattara ya bar jami'ar. Kai ka ce mai irin wannan matsala zai nutsu. Ina! Kullum sai an yi minti goma da farawa zai shigo, ya fice kafin ƙarfe ɗaya ba ko sallama. In ya buɗe murya zai yi tambaya, sai ka ji ƙara kamar jirgin ƙasa zai bi ta kanka. Wata rana har na jiyo muryar wani ƙato yana cewa, "Ce masa ya maimaita." Nan na yanke hukunci: yaron nan a majalisa yake zama, ya mayar da ni rediyon abokansa.

Ranar Larabar ita ce ranar gwajin baka. Kowa zai kunna kyamara ya yi magana da Turanci na minti biyar. Da aka zo kan Sabi'u sai ya ce, "Yallaɓai, a yi mini afuwa, in yi da murya kawai."

Ai kuwa na samu abin da nake jira. Na wanke shi tas da Turanci, sannan na juya Hausa don ta fi shiga. Na ce na gaji da raini. Na ce duk wanda ya ɓoye fuskarsa ba shi da gaskiya. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.) Na rufe da cewa, "Ko ka kunna, ko sifili. Ka kuma san abin da sifili yake nufi a wurinka." Duk wannan faɗan ina kishingiɗe ne a tabarma, da wata tsohuwar singileti mai huji a kafaɗa, sandar rake a hannu, tuƙa ta cika faranti a gabana.

Sai hoto ya buɗe.

Rumfar lodi ce ta wata masana'antar sabulu a Sharaɗa, irin waɗanda aka bari suna aiki a cikin kulle. Katan-katan har rufi. A ƙasa kuma maza ne wajen goma sha biyar, sun shimfiɗa kwalaye sun zauna nesa-nesa da juna, kowa da takunkumi, kowa da abin rubutu. Wasu littafi, wasu yagaggen kwali. Takalmansu na jere a gefe guda kamar a ƙofar makarantar zaure, kwanukan abincinsu a rufe ba a taɓa ba. Suka haɗa baki suka ce, "Good afternoon, sir!"

Raken da ke bakina ya ƙi wucewa, ya ƙi fitowa.

Sabi'u ya ce, "Yallaɓai, hutun cin abincinmu ne. A ƙusa nake rataye wayar kowa ya ji. Tsoro na ji kada ku ce ba su yi rajista ba ku kore su."

Sai wani dattijo ya taso ya durƙusa a gaban wayar, wato a gabana. Baba Haruna sunansa, mutumin Maraɗi, ya fi shekara ashirin yana juya inji ɗaya. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, muna lahiya? Mako shida ke nan muna ɗaukar karatu wurinku. Darasin wasiƙar nan da kuka yi, da shi muka rubuta wa manaja muna roƙon safar hannu. Ya karanta ya ce wane lauya ya rubuta muku? Ga su nan, an ba mu." Ya ɗaga hannuwansa biyu, sauran ma suka ɗaga nasu.

Darasin nan ina hamma na yi shi, na tabbata rabin ɗalibaina barci suke. Ashe a can wasu sun bar abincinsu yana hucewa suna kwashe shi kalma-kalma. Ban taɓa jin girman aikina da ƙanƙantar kaina a lokaci guda irin na ranar ba.

Sai dattijon ya ƙara da cewa, "Roƙonmu ɗaya. Almajirin ilimi ba ya tashi bai ga huskar malaminsa ya karɓi addu'a ba. Tunda yau kun gan mu, a taimaka mu ma mu gan ku."

Na buɗe baki zan ce sabis, sai na tuna wanda ya ce mai ɓoye fuska ba shi da gaskiya. Riga tana can uwar ɗaki, hutunsu saura 'yan mintuna. Abin da hannuna ya kai gare shi hula ce kawai. Na kafa ta a ka, na yi bisimilla, na kunna.

Ɗaliban jami'a dai sun rufe muryoyinsu, amma ina ganin kafaɗunsu na girgiza. A Sharaɗa kuwa ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Baba Haruna ya dube ni da singiletina da farantin tuƙata, ya ce, "Masha Allahu. Ashe Malam ma namu ne, zahin nan bai bar kowa ba." Suka ɗaga hannu. Na yi addu'ar da ban san me na ce a cikinta ba, hawaye na gangarowa, suna amsawa da amin.

Ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa, Sabi'u bai yi gwajinsa ba. Dattijon ya ce masa, "Zamna ka yi, ni na riƙe maka injinka." Sabi'u ya tsaya a gaban kwalayen nan ya bayyana yadda ake haɗa sabulu, da Turancin da ban taɓa zaton yana da shi ba, don ban taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana ba. Ya ci, kuma ba don kunyar da nake ji na ba shi ba.

Tun daga ranar, ko saƙon murya zan tura wa ɗalibai sai na sa kaftani da hula na zauna sosai. Matata takan leƙo ta ce, "Wa zai gan ka?" Nakan ce mata ni ma ban sani ba, shi ya sa.