Malamin Suhaib Kurmi

"Ni na yi Suhaib Kurmi," in ji Lawan, mai gyaran waya a Kawo, wanda muke kira Lawan Rediyo don bakinsa ba ya zuwa hutu. "Jarumin nan da kuke rububin kallo a fim? A sakandare ni ne shugaban 'yan kirarin Gidan Ja, rukuninmu na wasanni. Ni na koya masa tsalle da juyi, yana bina da ganga."

Ka san mu mun saba, sai mu ce to. Amma Firdausi, wadda ya shekara biyu yana nema, ta riƙe maganar. Ta ji Suhaib zai halarci gasar wasannin tsohuwar makarantarsu ranar Asabar.

Ta ce, "Ka haɗa ni da shi mu yi hoto. In ƙarya kake, kada ka ƙara taka ƙofar gidanmu."

"Kamar an yi an gama."

A gabanta ya kira lambar da ya ce ta Suhaib ce. Mai sayar da gas ya ɗauka. Lawan ya ce ai manya haka suke ɓad da kama.

Ranar Asabar ya cusa tumbinsa cikin jar riga, suka nufi rumfar manyan baƙi. Masu tsaro suka tare shi.

"Ku ce masa Lawan ne."

Amsa ta dawo: "Wai wane Lawan?"

Firdausi ta gyara gyale za ta tafi. Sai gogan ya ruga tsakiyar fili, ya ƙwala tsohon kirarinsu, ya ja da baya, ya yi alkafura. Ƙafafu suka tashi, tumbi ya ce bai san zance ba. Ya dira kan teburin garin gulukos ɗin 'yan tsere, ya miƙe fari fat. Wallahi har tausayi ya ba ni.

Suhaib ya karɓi makirufo. "Yanzu na gane shi. Jama'a, malamina ne."

Lawan ya kumbura. "Kin ji ko?"

Suhaib ya ci gaba: "Duk fitowar dolo da nake yi a fim, wannan bawan Allah nake kwaikwayo. Shekara ashirin ina ƙoƙari, ban kamo ƙafarsa ba."

Fili ya ɗauki shewa. Firdausi ta samu hotonta, Lawan ne ma ya ɗauka. Ta karɓi wayarta, ta kakkaɓe farin garin.

"Ba ka yi ƙarya ba, Lawan," ta ce. "Amma dolon nan a talabijin nake son ganinsa, ba a ɗakina ba."