Katin Hukuma da Ɗan Jan Jirgi

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zan taɓa manta ranar da aka sauke ni daga jirgin ƙasa a tsakiyar shanu, ina sanye da sabuwar kwat, maigidana na tsaye a gefena rungume da kwalin dabino.

A shekarun saba'in ne. Lokacin ina akawu a shagon yadi na Ammi Haruna a Bab Makka, cikin birnin Jidda. Ammi Haruna, wato Baffa Haruna da Larabci, Bahaushen Sudan ne, aminin mahaifina, mutum marar yawan magana, wanda in ya murza yadi da yatsu biyu zai gaya maka ƙasar da aka saƙa shi. Ni kuwa haifaffen unguwar Ruwais ne, kuma babu abin da nake taƙama da shi a duniya kamar Turanci. Shekara biyu na yi ina koyonsa wurin wani malami ɗan Indiya, har na kai matsayin da nake karanta rubutun jikin gwangwanin madara da ƙarfi don jama'a su ji.

A lokacin alhazan Najeriya sun fara haukar leshi. Duk wanda ya sauka Jidda sai ya tambayi na Suwisra, wato Suwizalan. Ammi ya gaji da dillalan da ke cinye ribar a hanya, sai ya sa na rubuta wa wata masaƙa da ke wani ƙauye a can, suka amsa, suka ba mu rana da lokaci. Sun ma ƙara da cewa mai masaƙar zai yi tafiya washegarin ranar, don haka kada mu makara.

"Shirya, ya waladi, ɗana," in ji Ammi. "Kai ne bakina, kai ne kunnena."

Ni aka tura ofishin tikiti. Ma'aikacin wurin, wani Bamisire mai tabarau, ya ba ni shawara mu sayi katin da ake yi wa baƙi. Da shi, in ji shi, za mu yi mako biyu muna hawa jiragen ƙasan gwamnati ba tare da mun sake yankar tikiti ba. Ya buɗe wata 'yar taswira da ke tare da katin, ya ɗora biro a kai, ya ce, "Amma ka lura, ya ustaz, akwai wasu layuka na kamfanoni..."

"Mafhum, mafhum, na gane," na ce, na naɗe taswirar na cusa a aljihu.

(Bari in gaya muku gaskiya tun yanzu: Jidda ba ta da jirgin ƙasa a lokacin, ni kuma ban taɓa ganinsa ba sai a hoton kalanda. Ammi ne ya sha hawansa tsakanin Bur Sudan da Khartum tun kafin a haife ni. Amma tunda ni ke riƙe da katin, ni ne malamin.)

Da yamma na je majalisar unguwa, inda abokaina ke shan shayi a kan dogon benci, na fito da katin ana miƙa shi hannu-hannu. Na ce musu wannan katin hukuma ne, duk abin da ke tafiya a kan ƙarfe a ƙasar nan, in na ɗaga shi, sai ya tsaya. Wani ya tambaya, "Har jirgin sarkinsu?" Na ce har shi. Daga baya na gane ba su ma da sarki.

Kwana uku na farko a Suwisra katin ya yi aiki har ya lalata ni. Mai duba tikiti ya zo, in zaro kati, ya duba, ya sunkuyar da kai, ya wuce. A rana ta biyu na daina miƙa masa, ɗagawa kawai nake yi da yatsu biyu ina kallon taga. Na sa Ammi hawa jirgi zuwa garuruwan da ba mu da komai a cikinsu, don kawai kyauta ne.  Shi dai yana zaune da farar taguwarsa da ƙatuwar rigar sanyi a kai, yana jan carbi yana kallon duwatsu.

Ranar alkawari muka yi sammako. Ƙarfe goma sha ɗaya aka ce mu je. Muka sauka daga babban jirgi a wata tasha inda za mu canja, aka nuna mana can gefe, bayan tashar, inda wani ɗan ƙaramin jirgi ja yake tsaye, tarago biyu kacal, kamar na wasan yara.

Ammi ya tsaya. Ya kalli jirgin, ya kalli layinsa, ya kalli wata 'yar taga inda mutane uku suka yi layi.

"Ya waladi, wannan ba ɗan gidansu wancan ba ne. Dubi layin, ya fi ƙanƙanta. Dubi hular ma'aikacin, daban take. Kuma mutanen can me suke saye?"

"Ammi, waɗancan 'yan ƙasa ne, ba su da kati. Mu baƙin hukuma ne. Yalla, shiga."

Muka shiga. Gabanmu wani tsoho ne zaune, da tsohuwar riga mai faci a gwiwar hannu, da lema, da jakar burodi a kan cinya. Ya yi mana murmushi, ya ɗan ɗaga hula. Na amsa da ƙyar. Na raɗa wa Ammi da Hausa, "Makiyayi ne, an je gari sayen burodi."

Jirgi ya fara hawa dutse yana nishi. Mai duba tikiti ya zo, wani dogo mai jan gashin baki. Na ɗaga kati da yatsu biyu ina kallon taga. Bai wuce ba. Ya karɓa, ya juya shi, ya miƙo mini, ya ce da Turancinsa mai nauyi, cikin ladabi, katin ba ya aiki a nan. Wannan layin na kamfani ne, ba na gwamnati ba. Amma ba komai, sai in sayi tikiti a wurinsa yanzu.

Da ina da hankali, da nan maganar ta ƙare. Kuɗin bai kai na abincin rana ba. Amma Ammi na kallona, ni kuma minti goma da suka wuce na gama ce masa mu baƙin hukuma ne.

"Me ya ce?" in ji Ammi.

Allah Ya yafe mini. Na ce, "Cin hanci yake nema, Ammi. Ya ga baƙi."

"A nan ƙasar?" Ammi ya ɗaga gira. "To, ko ma mene ne, ba shi mu wuce. Muna da alkawari."

"Wallahi ko girshi, ko sisin kwabo, ba zai gani ba."

Sai na miƙe tsaye. Na gyara kwat. Duk Turancin da malamin Indiya ya zuba mini a shekara biyu na juye shi a taragon nan. Na ce wannan katin hukuma ne. Na ce ƙasa ɗaya ce, ƙarfe ɗaya ne, jirgi jirgi ne. Na nuna hatimin da ke kan katin na ce hukuma, na nuna ƙasa na ce hukuma, har tutar da ke liƙe a bango na nuna na ce hukuma. Na ce zan kai ƙara ofishin jakadanci. (Ban san inda yake ba, kuma ni kaina ban tabbatar wane jakada zan nema ba.) Mata biyu da ke bayanmu suka daina hira. Wani kare a ƙarƙashin kujera ya ɗago kai.

Tsohon nan mai burodi ya taɓa hannun rigata. Da Turanci mai kyau, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba, ya ce in duba taswirar da aka ba ni, zan ga babu wannan layin a ciki. Ya ƙara da cewa in matsalar canji ce, shi zai biya mana.

Na dube shi sama da ƙasa, na ce, "Malam, ban tambaye ka ba. Ka ji da burodinka."

Ya janye hannu, ya gyara zama.

Mai duba tikiti ya sake tambayata sau ɗaya ko zan biya. Na ce a'a. Ya ce to. Da jirgi ya tsaya a gaba, ya buɗe ƙofa, ya ɗauki akwatinmu da kansa ya ajiye a ƙasa, har ya riƙe wa Ammi hannu ya sauka.

Wurin ba tasha ba ce. Benci ne guda da 'yar rumfa, sai ciyawa, sai shanu masu ƙararrawa a wuya sun zuba mana ido. Jirgi ya tafi. Sai a lokacin na zaro taswirar daga aljihu, na buɗe ta karo na farko. Na bi layin da yatsa. Babu shi.

Ammi ya leƙo. Ba ya karanta Turanci, amma yana karanta fuska.

"Cin hanci, ko?"

Na naɗe taswirar na mayar aljihu.

"Halas, shi ke nan. Wani jirgin zai zo?"

Bayan awa ɗaya wani ya zo. Na tsaya a bakin layi, hannuwa a baya, don in nuna wa direba cewa mu mutanen kirki ne. Jirgin ya rage gudu, direba ya kalle ni, na kalle shi, ya wuce. Ashe a irin wannan wurin sai ka ɗaga hannu yake tsayawa. Ni da na yi kwana uku ina ɗaga kati, ranar da ake bukatar in ɗaga hannu sai na ɓoye shi.

Ammi ya ɗauki kwalin dabinon Madina da muka kawo tsaraba, ya nuna mini akwatin, ya kama hanya. Muka hau dutsen nan da ƙafa. Sabon takalmina ya ci mini dunduniya har na cire shi na rataya a wuya. Na taka abin da shanu suka bari, ba sau ɗaya ba. Dattijo mai shekara sittin yana gaba yana tafiya kamar zai je masallaci, ni ina baya ina haki. Kalma ɗaya bai faɗa mini ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ƙarfe biyu saura muka isa masaƙar. Na mayar da takalmi a bakin ƙofa, na goge ƙafar wando da ciyawa, na shirya ƙaryar da zan yi: jirgi ne ya lalace a hanya. Wata mata ta shigar da mu ta tsakiyar ɗakin injuna, inda na lura ma'aikata na kallona suna rufe baki. Ta buɗe mana ofis.

A bayan teburi tsohon nan ne. Lemarsa a jingine, jakar burodin a kan taga.

Ƙaryar da na shirya ta mutu nan take. Tsohon ya miƙe, ya ba Ammi hannu, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Barka da zuwa, baƙon hukuma. Na ji da burodina, kamar yadda ka ce."

"Me ya ce?" in ji Ammi. Sai kuma ya ɗaga mini hannu. "A'a, bar shi. Fassararka ta ishe ni yau. Zauna can."

Na zauna a kujerar bakin ƙofa kamar wanda aka kora daga aji. Ina kallo tsofaffin nan biyu, ba mai jin yaren wani, suka yi ciniki. Aka shimfiɗa leshi, Ammi ya murza, ya ɗaga wa haske, ya ture wannan, ya jawo wancan. Tsohon ya rubuta lamba a takarda, Ammi ya soke ya rubuta tasa, suka yi dariya, suka ci dabino. Cikin awa ɗaya suka gama, suka tafa. Sau ɗaya aka neme ni, shi ma don in riƙe bakin yadi ne. Da za mu tafi, mai masaƙar ya rako mu har tasha, ya yankar mana tikiti biyu, ya damƙa su a hannun Ammi, ba nawa ba. Mai duba tikitin dawowa kuwa shi ne dai mai jan gashin bakin. Ya huda tikitin, ya sara mini.

A jirgin sama na roƙi Ammi ya rufa mini asiri. Ya ce, "Ni ba mai yawan magana ba ne, ya waladi." Gaskiya ne, mutum ɗaya tak ya gaya wa: mai shayin ƙofar shagonmu. Kafin Juma'a, daga Bab Makka har Ruwais sunana ya koma Abu Hukuma, wato Baban Hukuma. Mahaifiyata ma, in ta aike ni na tsaya gardama, sai ta ce, "To, a kira jakada?"

Ammi bai kore ni ba, har ma ya sake tafiya da ni, amma shi ke riƙe takardu. Ba zan ce na daina kuskure ba, don har yau ina tafka shi. Abin da dai na koya shi ne, in zan yi kuskure, in yi shi a zaune, da ƙaramar murya, kuma kada in fassara wa kowa.