Agogo Mai Baki a Zauren Alhaji Mamman

Ba zan taɓa mantawa da ranar da agogo ya raba ni da Saratu ba. E, agogo, wannan dai na ɗaurawa a hannu. Na so a ce wani mai kuɗi ne ya ƙwace ta, ko asiri aka yi mana, don ya fi daɗin faɗa a majalisa. Amma ina, da hannuna na hagu na yi wa kaina.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandare cikin garin Daura ba, kai na rawa. Wani malami abokin aikina ya dawo daga Kano da agogon zamani, irin wanda ake haɗawa da waya. Saƙo ya shigo ya nuna maka, kira ya shigo ka amsa a tsintsiyar hannunka, har bugun zuciya yake aunawa. Da na ga yadda ɗalibai ke leƙen hannunsa, sai na ji idan ban mallaki irinsa ba rayuwata ba ta cika ba. Na sa aka kawo min nawa. (Allah ya sani, a lokacin babu mai kirana sai Inna in tana son kayan miya, sai kuma Saratu.)

Ba wai ba ni da agogo ba fa. Akwai na mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu ina firamare. Farin ƙarfe ne mai nauyi, irin wanda ake murza wa ɗan kunne kowace safiya, gilashinsa duk ya karce. Tun da na fara tasawa Inna ta ba ni shi, ni kuma ranar da sabon ya iso na jefa shi cikin akwati.

Saratu 'yar Zango ce. Mun shekara muna tare, magana ta yi nisa, har mahaifinta, Alhaji Mamman, wani dattijon falken shanu, ya aiko cewa kafin manya su shiga maganar yana son ya ga yaron da idonsa. Na dai san sun yi zamani da mahaifina, amma ban taɓa damuwa in san zurfin abin ba.

Da safen ranar na sha babbar riga, na kafa hula, ina gyara sabon agogona yadda zai leƙo daga hannun riga, sai ga Inna da tsohon a tafin hannunta. Har ta goge shi, ta murza shi, yana tafiya.

"Ungo, wannan za ka ɗaura yau," ta ce. "Alhaji Mamman ya san shi."

"Haba Inna! Wa yake ɗaura wannan yanzu? Ai sai a ce daga rijiyar Kusugu aka tsamo shi."

Ta dube ni, ta dubi agogon, ta ɗaure shi a bakin zane. "To, Allah ya tsare hanya," kawai ta ce. Da ina da hankali, da wannan gajeriyar amsar ta ishe ni gargaɗi.

Abokina Lawal ne ya goya ni a mashin ɗinsa. A hanya, don in kore fargaba, na shiga zuba. Na ce masa ai Saratu ta gaya min tsohon nata in ya fara labarin shanu ba shi da birki, sai dai ladan ya cece ka. Muka yi ta dariya har muka shiga Zango. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.) Lawal ya sauke ni a ƙofar gida ya ce zai leƙa kasuwa ya duba gyaɗa, in na gama in neme shi.

Ni fa ba marar tarbiyya ba ne, kada ku yi min mummunar fahimta. Kafin in yi sallama sai da na rufe bakin wayata ruf, na tura ta can ƙasan aljihu, ina yaba wa kaina. Abin da na manta shi ne, wayar tana da ɗan aike a hannuna.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa na kwashi gaisuwa, na raɓa a gefen tabarma. Alhaji Mamman dogo ne, farin gemu, mai magana a hankali. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ikon Allah. Goshin nan na Isa ne." Isa sunan mahaifina. Aka kawo fura mai sanyi, ya ce in sha, sai ya fara.

Ya ba ni labarin yadda suke kora shanu shi da mahaifina tun suna samari, su bi ta Mashi su tsallaka Nijar a ƙafa. Ya ce wata shekara zazzaɓi ya kayar da shi a tsakiyar daji, abokan tafiya suka ce sai dai a bar shi a wata ruga, mahaifina ya ce sam. Ya goya shi a bayansa, yana kora shanu da sanda ɗaya a hannu. Wallahi ban taɓa jin wannan ba. Ni abin da na sani game da mahaifina bai wuce hoto ɗaya da ƙamshin turarensa ba. Idona har ya fara kawo ruwa.

Sai hannuna ya yi zirr.

Kafin in yi tunani idona ya kai kan agogo. Saƙo ne ya shigo daga guruf ɗin 'yan ajinmu na waya, ana musun ƙwallo. Na mai da kai. Ya sake yin zirr, na sake dubawa. Ba son dubawar nake ba, hannu da ido ne suka saba, kamar mai ƙaiƙayi. Kun kuwa san a wurinmu, babba yana magana kana duba agogo, ka ce masa ya isa haka ke nan.

Alhaji ya dakata. "Akwai inda za ka ne, ɗana?"

"A'a Baba, wallahi babu. Ina saurare."

Ya ci gaba. Can agogon ya kuma girgiza, wannan karon wai yana ba ni shawara na daɗe a zaune, in tashi in motsa jiki. (A gaban surukin da nake nema! Ka ji ɗan banzan mashawarci.) Na ja hannun riga na lulluɓe shi, na danne da ɗaya hannun kamar mai ɓoye ƙurji.

Nan ne Alhaji ya naɗe hannun rigarsa. Na kai ido. Agogo ne farin ƙarfe, gilashi a karce, sak wanda Inna ta miƙo min da safe.

"Da na warke muka isa Damagaram," ya ce, "a teburin mutum ɗaya muka sayi biyu, nawa da nasa. A ranar muka yi wani alkawari ni da shi. Ina nasa yake? Yana wurinka?"

Na buɗe baki ke nan, agogon hannuna ya ɗauki rawa ba tsayawa. Kira ne. Na lalubi agogon ta ƙarƙashin riga don in kashe, yatsana ya sauka inda bai kamata ba. Sai muryar Lawal ta cika zauren, tar, har da hayaniyar kasuwa a bayanta.

"Kai ango! Har yanzu tsohon bai gama labarin shanun ba? Ai ka faɗa, ka ce ba shi da birki! Ka ce masa fitsari kake ji ka gudo mana, rana na yi!"

Na danna, na murɗa, na tofa masa duk addu'ar da ta zo bakina, agogo ya ƙi mutuwa. Da ƙyar na ce, "Lawal, ina gaban Baba."

Sai muka ji, "Innalillahi," ƙit ya kashe.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Gumi ya jiƙa min hula. Wani abin haushin, agogon ya sake haskawa yana sanar da ni bugun zuciyata ya yi yawa, kamar ban sani ba.

Alhaji Mamman bai ɗaga murya ba, da ma ya yi ya fi min sauƙi. A hankali ya sauke hannun rigarsa ya rufe agogonsa.

"Tashi ka je, ɗana, kada abokinka ya gaji. Labarin shanu ba ya ƙarewa. Ka gai da mahaifiyarka."

Na ba da haƙuri har bakina ya bushe, ya ce ba komai. Na fito na sa takalmi a juye, sai a bakin titi na lura.

Da na gaya wa Inna, ba ta yi faɗa ba, zama ta yi. Ta ce alkawarin da suka yi a Damagaram shi ne, in Allah ya ba su zuri'a za su haɗa su aure. Ashe tun kafin a haife ni aka ba ni Saratu. Abin da ya rage min kawai in je in zauna in saurara.

Baffana ya je ba da haƙuri har sau nawa. Amsar da ya dawo da ita a ƙarshe ita ce ta fi yi min ciwo. Alhaji ya ce shi da Isa ya yi alkawari, ya kuma nemi Isa a jikin yaron, goshi kawai ya samu. Saratu ta yi kukanta, amma ba 'yar da za ta tsallake maganar mahaifinta ba ce. Yanzu tana aure a Mashi, har da 'ya'ya, Allah ya ba su zaman lafiya. Ni da Lawal muna nan, don in za a raba laifi, shi maimaitawa kawai ya yi.

Agogon zamanin bai shekara ba batirinsa ya kumbura. Na mahaifina ne a hannuna yanzu, kullum da safe sai na murza shi, kuma duk sanda na murza sai na tuna akwai sauran labarinsa da ba zan taɓa ji ba. Ban ce kada ku sayi na zamani ba, yana da ranarsa. Amma in za ku gaban manya, ku ɗaura wanda aikinsa faɗin lokaci kawai. Na mahaifina ya yi shekara da shekaru a hannunsa yana jin komai, bai taɓa tona masa asiri ba.